Ihun 'yan kallo da ƙarar duka a resilin da aka naɗa: wanne ne na gaske, wanne ne aikin mai tacewa?

Ɗan Karantina (Jidda):

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu aikin sauti da tace bidiyo ce. Wasu samari a nan Jidda suna son naɗar wasan resilin, musara'a dai irin ta talabijin, a wata istiraha, wato gidan taro na haya, da ke bayan gari, su riƙa sakinsa kashi-kashi a YouTube. 'Yan kallo ba za su haura tamanin ba. Kyamara uku ce, biyu daga ciki jawwal ne, wato wayar hannu, sai rikodar sauti ɗaya Zoom H6. Tacewar a hannuna take.

Abin da nake son sani: wannan ƙarar da ake ji idan an ɗaga mutum an maka shi da ƙasa, da sowar da ke tashi lokaci guda kamar an kunna famfo, a wurin ake samunsu ko daga baya ake ɗorawa? In ɗorawa ake yi, yaya ake yi kada a gane? Kuma in duka ya kuskure a gaban kyamara, me mai tacewa zai iya yi?

Kawu Sauti (Makka):

Wa alaikumus salam ɗana. Ka raba tambayarka gida biyu, domin ƙarar faɗuwa daban, sowar jama'a daban.

Ƙarar faɗuwa yawancinta ta gaske ce, sai dai an gina dandamalin ne don ya yi ta. Na WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, ƙafa 20 ne kowane gefe, mita shida da 'yan kai. Ƙarafa ne a ƙasa, a jera katakai a kai, a shimfiɗa soso mai tauri, a rufe da tamfol. Ƙarƙashinsa fanko ne, shi ya sa yake amsawa irin na ganga. A nan ƙarƙashin ake ajiye makirufo. Ƙarar naushi da shuri kuma 'yan wasan ne ke yinta da jikinsu: mai naushi ya buga ƙafa a katako daidai lokacin da hannunsa ya isa, mai shuri ya mari cinyarsa ta ɓangaren da 'yan kallo ba sa gani. In samarinka ba su iya wannan ba, su koya kafin ranar, ya fi maka sauƙi da ka zauna kana ɗora ƙara ɗari uku ɗaya bayan ɗaya.

H6 tana da ramukan makirufo huɗu da kuma makirufon nan mai baki biyu da ke kanta. Ga yadda zan raba su. Ɗaya a ƙarƙashin dandamali, makirufo mai jure ƙara irin SM57, yana kallon sama, kamar taƙi biyu tsakaninsa da katako, kuma ba a tsakiya cif ba, ka gusa shi wajen mita ɗaya, don a tsakiya gurnani ya fi yawa. Kada ya taɓa ƙarfe. Ɗora shi a kan soso ko matashi, in ba haka ba girgizar ƙarfen za ta shiga ta jikinsa ka ji "gurrr" a kowane taku. Na biyu a gefen dandamali, dab da igiya, don numfashi da marin ƙirji da ƙirgen rafali. Biyu da suka rage ka ba 'yan kallo, hagu da dama, a kan sanda mai tsawon mita biyu da rabi zuwa uku, bayansu ga lasifika. Tsawon nan ba ado ba ne. In ka sauke shi daidai kan mutane, muryar mutum ɗaya mai baki za ka kwasa daga farko har ƙarshe, maimakon muryar taro.

Ka naɗa a 48 kHz, bit 24. Kunna maɓallin rage ƙarfi na desibel 20 a ramin makirufon ƙasa. Kafin a fara, sa wanda ya fi kowa nauyi ya faɗi da bayansa sau uku, ka daidaita har mafi ƙarfin faɗuwar ya tsaya wajen desibel −12 a ma'aunin rikodar. A cikin wasa sai sun fi haka ƙarfi, wannan ratar ce za ta cece ka. Sautin da ya fashe ba ya gyaruwa yadda ake so.

Abu biyu da ke cin mutane idan sun zo haɗawa. Na farko, makirufon ƙasa da na sama suna jin katako ɗaya ta fuska biyu: lokacin da ya nufo ɗaya, yana gudun ɗayan. Ka haɗa su haka, sai su cinye wa juna kauri, faɗuwar ta zama siririya. Juya fuskar sautin na ƙasan a manhajarka, ka saurara, wanda ya fi kauri shi ne daidai. Na biyu, sauti yana tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa. Makirufon da ke nesa da mita goma ya makara da kusan kashi 29 cikin dubu na daƙiƙa, wato kusan firem guda, hoto ɗaya cikin jerin hotunan bidiyo. Shi ya sa sautin jawwal ɗin da ke can baya ba ya shiga haɗin ƙarshe sam. Amfaninsa kawai ka daidaita hoto da shi.

Yanzu sowa. Kuskuren da kowa ke fara yi shi ne ya ɗebo ihun filin wasa daga intanet. Mutum tamanin a hoto, dubu goma sha biyar a kunne, kuma suna rera wani abu da Turanci. Ba wanda zai yarda. Ka ɗebi sowarka daga mutanenka, a ɗakinka. Kafin wasa na farko, mai gabatarwa ya riƙe su minti goma: surutu na zaman jira minti uku ba yankewa, tafi ƙarami da matsakaici da babba, sowar murna sau biyar, ihun ƙi sau biyar, "ooh" na mamaki, sai ƙirge tare da rafali. In da Larabci suke ƙirgawa, wahid, isnain, salasa, haka za ka ɗauka, in da Hausa, da Hausa. Sannan ka naɗi ɗakin shiru minti ɗaya da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a kunne, domin gurnaninsa yana ƙarƙashin komai, kuma duk inda ka yanke ya ɓace, kunne zai ji rami.

Wajen ɗorawa, surutun jira shi ne shimfiɗa, yana gudana ƙasa-ƙasa ba tsayawa. Sowar da ka ƙara ta zauna ƙasa da ta asali da desibel shida zuwa tara: tallafi ce, ba ita ce gaba ba. Kuma kada ta tashi tare da dukan. Mutane sai sun gani, sannan su yi ihu, don haka ka bar firem takwas zuwa goma sha biyu. Ta hau da sauri, ta sauka a hankali cikin daƙiƙa biyu zuwa huɗu. Wadda ka ce kamar an kunna famfo, to an saka ta ne ba hawa ba sauka. Kada kuma ka maimaita guntu ɗaya sau biyu a wasa guda. In akwai fito ko dariyar wani a ciki, a karo na biyu an kama ka.

Ummu Haisam (Riyad):

Kawu ya gama da kunne, bari in taɓa ido. Ƙanena, matsalarka ta farko tun kafin duka ya kuskure take: jawwal. Wayoyi suna naɗa da adadin firem mai sauyawa, musamman in haske ya ragu ko wayar ta yi zafi. Ka daidaita tafi a farko, bayan minti ashirin baki da murya sun rabu. Ka bi da fayilolin ta manhajar HandBrake ka mayar da su firem tsayayye kafin su shiga manhajar tacewa, DaVinci Resolve ko Premiere. A yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamarori uku a farkon kowane wasa, a sake wani a ƙarshe, don ka gane ko an zame. Kuma ba wanda zai tsayar da kyamararsa a tsakiyar wasa, ko da ba ya ganin komai.

Sai wutar lantarki. Ta Saudiyya 60 Hz ce, ba 50 irin ta Najeriya da Nijar da Sudan ba. Wanda ya saba da saitin gida, firem 25 da shata (saurin buɗewar idon kyamara) 1/50, zai ga layuka suna yawo a hoton ƙarƙashin fitilun istiraha. Ka sa duka kyamarorin a firem 30 ko 60, shata 1/60 ko 1/120. Ni 60 nake zaɓa wa wannan aiki, don in za ka maimaita faɗuwa a hankali ka rage gudun zuwa rabi ba tare da hoton ya yi tsalle ba. Haka in ka ji ƙugin wuta a sauti, a 60 da 120 da 180 za ka neme shi.

Jera kyamara: ɗaya a tsaye can baya, a sama kaɗan, tana ɗaukar dandamalin gaba ɗaya, ba ta motsi. Ita ce uwar ɗaki, duk inda ka rasa mafita gare ta za ka koma. Biyun su tsaya a kusurwa biyu na ɓangaren da take. In ɗaya ta tsallaka ɗaya gefen, wanda ke gudu zuwa dama sai ya bayyana yana gudu zuwa hagu, mai kallo ya ruɗe.

Dukan da ya kuskure, kusurwa ce maganinsa. Naushin resilin ba ya sauka da gaske, tazarar kuwa daga gefe ake ganinta. Daga bayan mai dukan ko bayan wanda ake duka, hannu yana shiga tsakanin kyamara da fuska, tazarar ta ɓace. To ka nemi kyamarar da ta ga abin ta wannan fuska, ka yanka zuwa gare ta firem biyu ko uku kafin hannun ya isa. Ido yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya zauna a sabon hoto, kafin nan an wuce wurin. Wannan dabara ce WWE ta yi ta yi zamanin Kevin Dunn, mai shirya mata shirye-shiryen talabijin, wanda ya bar kamfanin a ƙarshen 2023, har abin ya yi yawa: kowane naushi da yankansa, ga kyamara tana zuƙowa tana komawa, masu kallo suna kukan jiri. Kai ka ajiye ta don inda ake buƙata. Dukan da ya fito da kyau, bar shi a hoto ɗaya a gan shi.

In kuwa motsi ne gaba ɗaya ya lalace, misali an ɗaga mutum ya zame aka sake, cire na farkon za ka yi. Ka yanke hoto, amma kada ka yanke layin sautin 'yan kallo a wuri ɗaya da shi. Bar shi ya zarce ta ƙarƙashin yankan, ka narkar da shi cikin na gaba a kan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka rufe gaɓar da fuskar wani ɗan kallo ko ta rafali na daƙiƙa ɗaya da rabi. Don haka ka sa mai jawwal ɗaya ya tara maka fuskokin jama'a tun a wasan farko. Kafin ka amince da yankan, duba huɗu: inda kowa yake tsaye, inda rafali yake, gumi da gashi, da abin da ke yashe a dandamali. Kujerar da ke kusurwar hagu ba ta komawa dama da kanta.

Wani abu da ya shafe mu nan: kashi uku ko huɗu za ku naɗa a dare ɗaya, kuma za a tashi sallar Magariba da Isha'i. Bayan sallah mutane ba sa komawa kujerunsu na farko, wasu ma sun tafi. Fuskar da ka ɗauka kafin Magariba ba lallai ta dace da wasan bayan Isha'i ba. A tsara kowane wasa ya ƙare kafin kiran sallah, a kashe rikoda in an fara kira. Kada ya shiga shimfiɗar da Kawu ya ce ka yi ta maimaitawa.

Ɗan Karantina (Jidda):

Allah ya saka da alheri Kawu, na gode Yaya. To in duk da haka marin bai fito a makirufo ba, ya halatta in ɗora nawa? Kuma in jarumin da suke son a so ya fito jama'a suka yi tsit fa?

Abu Turki (Madina):

Ta biyun nake son amsawa, kuma a nan ina ɗan saɓa wa Kawu, da girmamawa. Ƙara wa sowar da ta faru ƙarfi abu ne, ƙirƙiro wadda ba ta faru ba wani abu ne, kuma manyan ma ba su tsira da shi ba.

SmackDown, shirin WWE na mako-mako, tun daga 1999 galibi ranar Talata ake naɗa shi a nuna Alhamis ko Juma'a, sai 19 ga Yulin 2016 ya koma kai tsaye. A shekarun nan ne masu kallo suka haddace sowar gwangwani, wato wadda aka ɗora daga baya: kunne yana jin fili ya ɗauka, ido yana ganin sahun gaba a zaune, wani ma yana duba wayarsa. Tun kafin nan akwai na Royal Rumble 1992, gasar WWE da ake fitar da mutum ta saman igiya. Da Sid ya jefar da Hulk Hogan waje, jama'a da yawa murna suka yi. Da aka zo maimaita wurin a shirye-shiryen talabijin, sai ga ihun ƙi da sabon sharhi. Har yau ana kawo shi misali, don wanda ya ga na farko bai manta ba. WCW kuma, kamfanin da ke hamayya da WWE a lokacin, daga 1993 ta riƙa naɗar shirye-shiryen watanni a situdiyon Disney-MGM da ke Orlando, 'yan kallon masu yawon buɗe ido ne, ana nuna musu wanda za su yi wa tafi da wanda za su yi wa ihu. Sauti ya fito tsaf, amma ba rai.

Inda abin ya karɓu shi ne inda ba a ɓoye ba. WrestleMania 36 an naɗe ta a 25 da 26 ga Maris 2020 ba ɗan kallo ko ɗaya saboda korona, kuma wasan Undertaker da AJ Styles fim aka yi shi ƙarara, da kiɗa da hayaƙi da yanka. A Backlash na Yunin shekarar, kafin wasan Edge da Randy Orton an gaya wa masu kallo cewa an ƙara sauti da kusurwoyin kyamara. ThunderDome, filin da WWE ta buɗe a Agustan 2020 da allunan hoto a madadin 'yan kallo, kowa ya san ihun daga na'ura yake. Lucha Underground, wata ƙungiyar resilin ta talabijin, daga 2014 zuwa 2018, ta mayar da abin da ke faruwa a bayan fage wasan kwaikwayo da gangan. Mai kallo yana yafe abin da aka sanar da shi.

Saboda haka in jaruminku ya fito aka yi tsit, ka gajarta shigowarsa, ka zauna a kan fuskarsa da kiɗa, kada ka nuna jama'a, sannan ka gaya wa masu shirin gaskiya su gyara labarin. Mutum tamanin ne, kowa da jawwal a hannu, wani zai saki nasa hoton a Snapchat a daren, da ainihin shirun.

Wannan ya kawo ɗaya haɗarin naɗawa, fitar sakamako. A 4 ga Janairun 1999 mai sharhin WCW ya tona a kai tsaye cewa Mick Foley zai ci kambu a Raw, shirin WWE, wanda aka naɗa tun 29 ga Disamba, sai mutane suka juya tasha don su gani. Ba kowa ke samun irin wannan sa'a ba. Ku kula da jerin kambu kuma: a 1991 'yan wasan da ake kira Freebirds sun rasa kambun WCW a naɗin 18 ga Fabrairu, alhali sai 24 ga wata suka ci shi. Rubuta a takarda wa ke riƙe da me a kowane kashi. Mu nan ma mun ga naɗaɗɗe a gida: SmackDown na Jeddah Superdome a 24 ga Mayun 2024, mutanen Jidda sun riga Amurka gani da sa'o'i, don ƙarfe takwas na dare a New York uku na dare ne a nan.

Kawu Sauti (Makka):

Abu Turki, ba mu saɓa ba, ai shi ya sa na ce ƙasa da ta asali. In babu ta asali, babu abin da za a tallafa.

Marin da bai fito ba, ɗora shi ɗana, wannan gyara ne. Amma daga ɗakin za ka samo. Bayan an watse, sa biyu daga cikinsu su yi maka mari, naushi da taku, faɗuwa, da karo da igiya, kowanne sau goma, da makirufon a inda suke. Faɗuwa mai kyau hawa uku ce: kauri wajen 60 zuwa 100 Hz, amon katako a tsakiya, da tsawar fata wajen 2 zuwa 5 kHz. Lasifikar jawwal ba ta fitar da kaurin nan, kuma yawancin masu kallonka a jawwal za su gani, don haka in ka dogara da shi kaɗai, faɗuwar za ta ɓace musu. Ka ajiye ƙarar a kan firem ɗin da jiki ya haɗu, ko firem ɗaya bayansa, kada ta riga. Kunne yana gane sautin da ya riga hoto tun daga kusan kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, wanda ya makara kuwa sai ya kai wajen 125. Kuma ƙarfin ya bi kyamara: a hoton nesa ƙarar ta ɗan ja baya. Ƙarar karyewar ƙashi irin ta finafinan faɗa, bar ta inda ka gan ta.

Layin makirufon gefen dandamali sai ka bi shi da kunne daga farko zuwa ƙarshe. 'Yan wasa suna raɗa wa juna motsi na gaba, rafali yana gaya musu saura minti nawa. Duk inda ka ji, sauke layin na wannan daƙiƙar ka bar shimfiɗa ta rufe.

Sharhi daga baya ya fi tsabta, amma yana da tarko biyu. Masu sharhi sun san ƙarshe, sai su yi ihu kafin abin ya faru, ko su ƙi yarda da ƙirgen da suka san ba zai kai uku ba. Gara a samo waɗanda ba su halarta ba, su gani karo na farko suna magana. Na biyu, a ɗaki shiru mutum yana magana a kwance. Ka cika musu abin kunne da ihun jama'a, muryarsu za ta tashi da kanta. A haɗi, jama'a su sauka desibel huɗu zuwa shida idan ana magana, kuma ka ɗan rage musu wajen 1 zuwa 4 kHz don kalmomi su fito. Layin sharhi ka yanke masa duk abin da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz.

Kiɗan shigowa: kada a sa waƙar wani. YouTube zai kama ta, kuma da yake ta fita ta lasifika ta shiga makirufon jama'a, ba ka iya cire ta sai ka zubar da sowar gaba ɗaya. WWE kanta ta sha sauya kiɗa a tsofaffin wasannin kamfanin ECW saboda haƙƙin mallaka, kuma ana jin ɗinkin. Ku naɗi naku, ko kalangu da ganga ne, a kunna shi ƙasa-ƙasa a ɗakin, ka ɗora fayil ɗin asali daga baya.

Ƙarfin ƙarshe: YouTube wajen −14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), ƙololuwa kada ta wuce −1. In wata tasha ta nema, ma'aunin Turai −23 ne, na Amurka −24, sai ka fitar mata da nata daban.

Ummu Haisam (Riyad):

Ƙari ɗaya kan jerin aiki, don kada ka yi sau biyu. Daidaita kyamarori da rikoda, yanke hoto har masu shirin su ce sun yarda, ka kulle shi. Sannan ƙarar duka, sannan jama'a, sannan kiɗa, sharhi a ƙarshe. In ka ɗora ƙara ɗari sannan aka ce a cire daƙiƙa goma a tsakiya, duk abin da ke bayansu sai ka sake bi. Ka fitar da kwafi ɗaya kuma babu sharhi a ciki, ranar da suka ce suna son na Larabci ban da na Hausa, muryar kawai za a ɗora. In tikiti za su sayar, su fara neman izinin hukumar nishaɗi kafin a kama istirahar.